Lambun tunawa da waɗanda yaƙi ya ci: su wa aka rubuta, su wa aka manta?

Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ga gara in kawo shi nan inda akwai manya da masana.

Na ziyarci wani ɗan ƙaramin lambu a Woking, kudu maso yammacin Landan. Asalinsa maƙabarta ce da aka buɗe a 1917 don sojoji Musulmi, akasarinsu 'yan Indiya ta wancan zamanin, waɗanda aka kwaso da raunuka daga fagen daga suka cika a asibitocin Ingila. Mutum 19 aka binne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ƙara 8 a na Biyu. Da ɓata-gari suka matsa wa wurin da ɓarna a ƙarshen shekarun 1960, sai aka kwashe gawarwakin zuwa maƙabartar soja ta Brookwood, wuri ya zama kufai shekara da shekaru. Sai a 2015 aka gyara shi, aka mayar da shi lambun tunawa.

Katanga ce ta jan bulo, da ƙofa mai 'yar ƙubba a kai. A ciki ruwa na gangarawa ta wata siririyar hanya da aka gina masa. Ga itatuwa 27 masu farin ɓawo, kowane soja da nasa, ga wasu duwatsu a shimfiɗe kamar dardumar salla suna duban alƙibla, ga dutse ɗaya da aka sassaƙa sunayen a jikinsa. Na tarar da wata tsohuwar Baturiya a durƙushe tana tsame ganyaye daga ruwan da hannunta, ga sanyi. Na tambaye ta ko tana da ɗan'uwa a cikinsu, ta ce ko ɗaya, kusa take zaune ne kawai.

Abin da ya sa jikina ya mutu shi ne kakata ta wajen uba tana da wa da aka ɗauka soja aka kai Bama, Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu, tana 'yar shekara shida ko bakwai. Bai dawo ba. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ba ta ɗauka, amma in aka ambace shi maganarta ɗaya ce: ko inda yake kwance ba mu sani ba.

To jama'a, irin wannan lambu wa yake amfana? Mamaci, ko mai rai, ko kuwa gwamnatin da ta gina shi?

Maman Fa'iza:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan yayan kakarka. Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Ni matar soja ce, shekara shida ke nan da na fita takaba. Ya bar ni da yara huɗu, ƙaramar tana goye. Wata goma sha ɗaya na yi ina sintiri a wani ofis a kan haƙƙinsa. Yau a ce fayil yana sama, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, jibi a ce in kawo hoton da na riga na kawo sau biyu. Akwai ranar da na zauna a benci tun safe har la'asar da yarinya a cinya tana zazzaɓi, ba wanda ya ce mini kanzil. A cikin wannan shekarar kuma na ga manya a talabijin suna ajiye furanni, ana busa ƙaho, wai ana tunawa da su.

Furen ba ya biyan kuɗin makaranta, Sadiq. Duk kuɗin da za a zuba a dutse da ciyawa, ni a ganina marayu sun fi cancanta da shi.

Rahila:
Kai, Maman Fa'iza, sannu. Allah ya raya yaran nan, ya share miki hawaye.

Baba Tanko:
'Yata, ban ga laifinki ba ko na ƙwayar zarra. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara 31 na yi da kaki a jikina, na bar aiki ina saje, kuma na raka matan abokaina irin wannan ofishin fiye da yadda zan ƙirga.

Sai dai bari in gaya miki abu ɗaya. Ba kuɗin lambu ne ya hana a biya ki ba. Wanda ya danne haƙƙin maraya zai danne ko an yi lambu ko ba a yi ba. Abu biyu ne ake bin ƙasa bashinsu in ta tura mutum ya mutu: ta riƙe iyalinsa, kuma ta riƙe sunansa. Ba a biyan ɗaya da ɗaya.

Akwai wani yaro kofur da muka yi aikin kiyaye zaman lafiya tare a wata ƙasa. Da hannuna na rufe masa ido. A can aka binne shi, gefen wani filin jirgi, muka kafa ɗan katako. Damina biyu ta isa ta cinye katakon nan. Shekara nawa yanzu, in ranar ta zagayo ba ni da inda zan je in tsaya. A ɗaki nake zama in yi masa addu'a. Addu'a tana isa daga ko'ina, na sani. Amma ɗansa ya taɓa tambayata a ina aka rubuta cewa babansa ya yi wannan aikin, na rasa abin da zan nuna masa.

Maman Fa'iza:
Na ji Baba. Ban ƙi ta taka ba. Amma a fara da mai rai tukuna.

Baba Tanko:
A kan wannan bakinmu ɗaya.

Yusha'u:
Ni fa a yi mini afuwa, ban yarda da abin nan ba gaba ɗaya. Yaƙi jini ne da ƙazanta da ƙafar da aka guntule. Sai a zo a shimfiɗa koriyar ciyawa, a dasa wardi, a sa ruwa yana gudu, yaro ya zo ya gani ya ce ashe mutuwar soja abu ne mai kyau haka. Waɗanda suka tura su kuwa su ne a sahun gaba ranar biki. Kuma su waɗannan 27 ɗin da Sadiq ya gani, yaƙin wa suka yi? Ƙasarsu tana hannun Turawa, aka ɗebe su suka je suka mutu a rigimar da ba tasu ba. Bayan shekara ɗari a ba su itace ɗaya ɗaya. Ihu bayan hari.

Dakta Hauwa:
Yusha'u, rabin maganarka tarihi ya gaskata ta, har ma abin ya fi yadda ka faɗa muni. Bari in ɗan yi tsawo, don wannan fannina ne.

Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, an kafa ta a 1917 bisa jagorancin Fabian Ware. Yau tana kula da tunawa da mutum miliyan 1.7 a wurare kusan 23,000 cikin ƙasashe sama da 150. Ƙa'idar da ta ɗaukar wa kanta tun farko kyakkyawa ce: kowane mamaci a rubuta sunansa, dutsen janar da na kurtu girmansu ɗaya, ba bambancin muƙami ko launi ko addini. A Faransa da Beljiyam an cika wannan alkawari. A Thiepval ta Faransa kaɗai akwai sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba.

Da aka zo kan Afirka sai aka karya ƙa'idar. A 2021 wani kwamiti da hukumar da kanta ta naɗa ya fitar da rahoto: mutum 45,000 zuwa 54,000, akasari Indiyawa da 'yan Afirka, ba a tuna da su daidai da Turawa ba. Sannan aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Mafi yawansu 'yan dako ne, masu ɗaukar harsashi da abinci a ka a fagen Gabashin Afirka na Yaƙin Duniya na Ɗaya, cuta da yunwa suka fi kashe su. Rahoton ya kawo maganar gwamnan mulkin mallaka na Gold Coast, Ghana ta yau, a 1923, inda ya nuna wai talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba balle ya san darajarsa. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa a watan Afrilun 2021.

Ku dubi Darussalam ta Tanzaniya. Akwai mutum-mutumin askari a tsakiyar gari tun 1927, soja ɗaya na tagulla a madadin dubbai, ba jerin suna. Unguwar Kariakoo kuwa daga sunan rundunar 'yan dakon nan, Carrier Corps, ta samo sunanta. Wato bakin mutane ya riƙe abin da dutse ya ƙi riƙewa.

Inda na saɓa da kai shi ne maganin. Wanda aka zalunta ta hanyar goge sunansa, maganinsa a rubuta sunan. A watan Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a cikin lambun Company's Garden da ke Cape Town, don baƙaƙen leburorin soja na Afirka ta Kudu sama da 1,700 da suka mutu a yaƙin farko. Kowane mutum da ginshiƙinsa na katakon loko, wanda aka fi sani da iroko, da sunansa da lambarsa. Jikoki sun zo sun dafa. Ka ce ya zo a makare, na yarda. Amma ka tambayi jikokin ko sun fi son a bar shi.

Yusha'u:
Na gode Dakta, wallahi ban san da wannan rahoton ba. Amma har yanzu maganar ƙawata yaƙi tana nan.

Dakta Hauwa:
Tana nan, kuma ya danganta da yadda aka gina wurin. Akwai wanda in ka shiga sai ka ji kamar ana kiranka ka ɗauki bindiga: dogayen gumaka, takobi a sama. Akwai kuma wanda yake sa ka yi shiru. A Staffordshire ta Ingila akwai wani makeken lambun itatuwa mai faɗin eka 150 da aka buɗe a 2001. A cikinsa akwai katangar da ke ɗauke da sunaye sama da 16,000 na sojojin da suka mutu a bakin aiki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an bar fili fayau a jikinta don sunayen da ba su zo ba tukuna. Ban ga uwar da za ta kalli wannan filin ta ji sha'awar yaƙi ba. A wani lungu na lambun kuma an kafa turaku 306 don sojojin da rundunarsu ta harbe a yaƙin farko bisa zargin tsoro ko gudu, wasunsu yara ne, da yawa firgicin ruwan bama-bamai ya taɓa musu hankali. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. Wannan ƙasa ce take nuna abin kunyarta a fili.

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama. Ina so in jawo hankalin Musulmin cikinmu kan abu biyu da bai kamata a cakuɗa ba.

Tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi ba baƙon abu ba ne. Shahidan Uhudu kusan 70 ne, a shekara ta uku bayan Hijira, kuma an san su da sunayensu har yau saboda malaman tarihi sun kiyaye. An binne su a inda suka faɗi, mutum biyu a kabari ɗaya, ana gabatar da wanda ya fi haddar Alƙur'ani. Mus'ab bin Umair, Allah ya yarda da shi, mayafinsa bai isa ya rufe shi ba, in an ja kai ƙafa ta fito, sai aka rufe kan aka sa ciyawar izkhir a ƙafafun. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa bayan shekara takwas Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi musu addu'a kamar mai bankwana.

Amma a ɗaya ɓangaren ya tabbata a Muslim an hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da gini a kansa. Haka ma gumaka. Don haka ni abin da nake tsoro shi ne mutum-mutumi, da rusuna wa dutse, da ɗaukar wuri kamar yana da wata albarka ta kansa.

Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, a Woking ɗin babu kabari ko ɗaya yanzu, kuma babu gunki. Itatuwa ne da ruwa da sunaye. Wannan fa?

Malam Nura:
Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Rubuta suna a wurin da ba kabari ba don a san tarihi, a yi wa Musulminsu addu'a, ban ga abin hani a ciki ba, Allah ne mafi sani. Itace kuwa alheri ne. Hadisi ingantacce ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. In da za a tambaye ni, kuɗin tagulla a mayar da shi itace mai inuwa da ruwan sha ga mai wucewa.

Dakta Hauwa:
Ƙarin bayani ga Malam: duwatsun da CWGC ta kafa wa sojojin Indiya Musulmi ba su da gicciye. Rubutun Larabci ne a jiki, Huwal Gafur a sama, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un a ƙasa.

Bala Mai Dashe:
Tunda an zo kan itace bari in sa baki, sana'ata ce shekara 20. Jama'a suna ɗauka lambu gini ne, a yanke kyalle a tafi. Ranar buɗewa ita ce rana mafi sauƙi a rayuwar lambu. Dashe yana son ban ruwa na shekara biyu zuwa uku kafin saiwa ta kama ƙasa sosai. A cikin kowane ɗari sai wasu sun mutu, dole a sami mai cire su ya maye. To ku duba, in an ce kowane itace sunan mutum ne, ranar da uwa ta zo ta tarar da na ɗanta ya bushe ya zama kututture, me aka yi mata? An sake kashe mata shi.

A Ballarat ta Ostireliya an yi wannan tsarin da kyau. Tsakanin 1917 da 1919 'yan mata ma'aikatan wata masaƙar tufafi suka dasa itatuwa kusan 3,800 a gefen hanya mai tsawon kilomita 22, kowane itace da allon sunan wanda ya tafi yaƙi. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma abin da ya riƙe shi shi ne ana maye wanda ya mutu.

Shawarata kullum: a zaɓi itacen da ya saba da ƙasar wurin, mai jure fari, kada a ɗauko na ado daga wata duniya. Kuma kafin a aza harsashin ginin a san wa zai biya mai ban ruwa nan da shekara 30. In ba a san amsar ba, a bari. Lambun tunawa da ya koma juji ya fi rashinsa ciwo.

Dakta Hauwa:
Malam Bala ya yi gaskiya, kuma ba rashin kuɗi kaɗai ke kashe lambu ba, siyasa ma tana kashewa. A Dublin akwai lambun Islandbridge da Edwin Lutyens ya zana don 'yan Ailan 49,400 da suka mutu a yaƙin farko. Tsofaffin sojoji ne suka gina shi da hannunsu a shekarun 1930. Amma da yake a rundunar Birtaniya suka yi yaƙi, ƙasar kuma ta ƙwaci 'yancinta ne daga Birtaniya, sai aka yi ta jan ƙafa, wuri ya lalace, ciyawa ta cinye shi. Sai a shekarun 1980 aka gyara. A 2011 Sarauniya Elizabeth ta ajiye fure a can, ta kuma ajiye a ɗaya lambun na cikin gari da aka yi don waɗanda suka yaƙi Birtaniya. Wannan ya amsa wani ɓangare na tambayar Yusha'u kan yaƙin wa suka yi. Mutanen Ailan sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su yarda cewa yaron da ya mutu a cikin kakin wani, ɗansu ne.

Rahila:
Ni tambayata daban ce. Duk zancen nan soja, soja. Matar da bam ya faɗo wa tana girki fa? Yaron da yunwar yaƙi ta kashe fa? Su ba su sa kaki ba, ba su da lamba, ba wanda ya ɗauki sunansu a rajista. A cocinmu in ana addu'ar waɗanda suka riga mu, tsofaffi sukan ambaci sunayen da babu su a kowane littafi. In tsofaffin nan suka tafi, shi ke nan.

Dakta Hauwa:
'Yar'uwa, akwai inda aka yi abin da kike nema. A tsibirin Okinawa na Japan, inda aka yi ƙazamin yaƙi a 1945, an buɗe wurin tunawa a bakin teku a 1995. Sunaye sama da 240,000 ne a jikin duwatsu: farar hula, sojan Japan, sojan Amurka, 'yan Koriya, 'yan Taiwan, 'yan Birtaniya. Ba a tambayi ɓangaren da mutum yake ba, kuma har yanzu ana ƙara suna in an gano. A arewacin Faransa ma, a Notre-Dame-de-Lorette, an buɗe wata katanga mai siffar zobe a 2014 mai sunaye kusan 580,000 a jere bisa haruffa, ba muƙami, ba ƙasa. Bajamushe yana kusa da Bafaranshen da wataƙila shi ya harbe shi.

Ku kwatanta da katangar Vietnam da ke Washington, wadda Maya Lin ta zana tana ɗaliba 'yar shekara 21, aka buɗe a 1982. Baƙin dutse ne mai sheƙi, kana karanta suna kana ganin fuskarka a ciki. Sunaye sama da 58,000, duka na Amurkawa. Mutanen Vietnam da suka mutu, waɗanda suka ninka haka sau da yawa, ba ko ɗaya.

Maman Fa'iza:
Dakta, farar hula na yarda ɗari bisa ɗari. Amma a sa sunan mijina kusa da na wanda ya dasa abin da ya kashe shi? Wallahi ba zan taka wurin ba. Kuma ba zan kai yarana ba.

Dakta Hauwa:
Ba zan ce ki yarda ba, 'yar'uwa. Na Okinawa shekara 50 bayan yaƙi aka yi shi, na Faransa shekara 100 bayan ɓarkewarsa. Kuma sojojin ƙasashe ne da aka tilasta wa da yawansu shiga, ba kowane rikici ne yake haka ba.

Baba Tanko:
Ni na harbi mutane, an harbe ni. Wanda ya fuskance ni da bindiga a fili, yaro kamar nawa da aka ba umarni, yau ba na jin zafinsa. Wanda ya shiga ƙauye ya yanka mata da yara kuwa, ba na son ganin sunansa a inda ake girmama mutane. Ban san yadda za a raba su a jikin dutse ba, amma a zuciyata a rabe suke.

Yusha'u:
Baba, in haka ne ai kowane ɓangare zai ce nasa ne yaron kirki.

Baba Tanko:
Haka ne ɗana. Shi ya sa ban ce abu ne mai sauƙi ba.

Rahila:
Wani abu kuma, tunda wurin na jama'a ne. Yara su yi guje-guje a ciki, masoya su zauna hira, ana ɗaukar hoto ana dariya. Ya dace?

Malam Nura:
A maƙabarta bai dace ba. A lambun da babu kabari akwai sassauci, amma a kiyaye ladabi kusa da sunayen. Kiɗa da hawa kan dutse, a'a.

Bala Mai Dashe:
Ni dai abin da na gani a aiki: lambun da aka kulle da kwaɗo ana buɗe shi sau ɗaya a shekara, shi ne ɓarayi ke cire wa famfo. Wanda mutane ke zama a ciki kullum, su ne masu gadinsa. Tsohuwar nan da Sadiq ya gani tana tsame ganye, ba wanda ya ɗauke ta aiki.

Baba Tanko:
A bar yara su yi wasa. Abokaina da suka tafi, yawancinsu ba su kai talatin ba, kuma hirarsu a rami kullum ta 'ya'yansu ce. Ba za su ƙi jin hayaniyar yara ba. Abin da nake roƙo kawai, babba ya kama hannun yaro ya kai shi gaban dutsen ya karanta masa suna ko da ɗaya ne, da ƙarfi. A Ypres ta Beljiyam kowane dare ƙarfe takwas ana tsayar da motoci a ƙofar Menin, wurin tunawa da sojojin yaƙin farko, a busa ƙaho, tun 1928, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin. Minti kaɗan ne, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Dakta Hauwa:
Sadiq, mu koma kan yayan kakarka, don ban so zancen ya wuce ba a taɓa shi ba. Sojojin Afirka ta Yamma da suka je Bama akasari suna cikin runduna ta 81 da ta 82. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, kuma rundunonin biyu sun haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Waɗanda aka samu gawarsu da yawa suna maƙabartar Taukkyan, arewa da Yangon, wadda ita ma lambu ce mai ciyawa da furanni. Waɗanda ba a samu ba kuma, a tsakiyar maƙabartar akwai ginshiƙai masu sunaye kusan 27,000, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. A yaƙi na biyu an fi kiyaye sunaye a kan na farko, don haka kada ka fid da rai. Rajistar CWGC tana intanet, kyauta ce.

Sai dai ka yi haƙuri da rubutun. Akawun Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Muhammadu ya koma Momo ko Mama, Amadu ya zo da siffa biyu ko uku. Sau da yawa kuma ba sunan uba ake sa wa mutum ba, sunan garinsu ko ƙabilarsa ake liƙa masa. Ka gwada kowace siffa.

Baba Tanko:
Lamba ita ce gaskiyar soja. Suna yana rikiɗa, lamba ba ta rikiɗa. Ka tambaya a gida ko akwai wata takarda, ko lambar yabo, ko wasiƙar da aka aiko lokacin rasuwar.

Sadiq:
Jama'a na dawo. Jiya da dare na shiga rajistar, na samu mutum uku masu suna irin nasa a jerin Bama, biyu 1944, ɗaya 1945. Ban san wanne ne ba, ko ma babu shi a ciki. Da safe na kira gida aka kai wa kaka waya. Ta faɗa mini sunansa na yanka, wanda ni ban taɓa ji ba, da laƙabi kawai muka san shi. Ta ce akwai wata takarda da wani ɗan sanda ya kawo wa babansu, aka ajiye a akwatin ƙarfe, kuma akwatin yana hannun wani baffana. Na yi masa magana, ya ce zai duba bayan sallar Juma'a.

Na ba ta labarin Taukkyan yadda Dakta ta bayyana, na ce mai yiwuwa sunansa yana can a jikin dutse. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ta tambaye ni ko akwai mai share wurin. Na ce mata akwai.

Maman Fa'iza:
Allah sarki Kaka. Allah ya sa a dace, ƙanena. Ka gaishe ta.

Malam Nura:
Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa can ta fi nan.

Baba Tanko:
Amin. In baffanka ya samu takardar, ka ce kada ya buɗe ta da ƙarfi, tsohuwar takarda a kan ninki take yagewa. Ya shimfiɗa ta a hankali ya ɗauki hoto gaba da baya. Ka turo mini lambar in duba, ni na san inda ake rubuta ta.